Tsufa ba garkuwa ba ne

Har zuwa 2019, rundunar sojin saman Amurka tana isar da saƙonnin makaman nukiliya da kwamfutar shekarun 1970, mai aiki da faifan filofi na inci 8. Masu kare ta suka ce tsufan ne kariyarta, don ɓarawon intanet ba ya shiga inda babu intanet. Haka ne, marar akuya ba ya tsoron kura. Sai dai wasu hukumomin sun jona tsofaffin na'urorinsu da intanet. A 2015 aka gano an kwashe bayanan mutum miliyan 21.5 daga hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka, wadda wasu na'urorinta sun tsufa har ba sa ɗaukar makullin sirri. Masu iya gyaransu kuwa sai ritaya suke yi.