Ranar da Belbeji ta ɓace a cikin kwamfuta

Ɗan ƙanwata ne wata ƙungiya ta ɗauka aikin tsara bayanan rijiyoyin Damargu, ya tare a ɗakina a Tanut da kwamfutar aro da RStudio, manhajar da masu ƙididdiga ke rubuta umarni a cikinta da yaren R. Allon kashi huɗu ne: ƙasa ta dama jerin fayiloli, samansa teburan da aka riga aka loda. Ni dai nawa dafa shayi da kallo.

A jakar taswira ya tarar da fayil huɗu, suna ɗaya, wutsiya kawai ta raba su: .shp, .shx, .dbf, .prj. Ya latsa na farko, manhaja ta ce wannan ba rubutu ba ne, ba ta buɗewa. Ya latsa .prj, sai ga layi guda zungurere, ba kai ba gindi.

"Kawu, cushe aka yi mini, abu ɗaya sau huɗu," in ji shi. Ya ajiye mafi nauyi, ya share sauran yana fito.

Ashe tsarin nan da kamfanin Esri ya ƙago tun shekarun 1990 kamar murhu yake, duwatsu uku. Zanen iyakoki yana cikin .shp, sunaye da alƙaluma a .dbf, shi kuwa .shx yana nuna inda kowane zane yake. Na huɗun ke faɗa wa kwamfuta da wane ma'auni za ta ɗora taswirar a doron ƙasa. Yaro ya buga umarni, allo ya amsa da jan rubutu. Ya sake bugawa da ƙarfi, ko kwamfutar kurma ce.

Sai da wata abokiyar aikinsa a Zinder ta turo wata jakar ta WhatsApp. Wannan karon tebur ya fito, ya latsa, gundumomin Nijar suka jeru. Ga Tanut, ga Gure, ga Magariya, babu Belbeji. Har ya ɗauki waya zai sanar da shugabansa cewa gunduma guda ta salwanta a hannunsa, na tambaye shi shekarun taswirar. Tsohuwa ce, tun kafin 2011, shekarar da gundumomi suka tashi daga 36 zuwa 63, aka yanki Belbeji daga Tanut da ƙaramar hukumarta ɗaya, Tarka. Yana firamare lokacin, ba a shawarce shi ba.

Sabuwar taswira ta iso bayan isha'i. Ya buɗe teburin rijiyoyi don ya haɗa shi da taswirar, sai ga "BelbÃ©dji" reras har ƙasa: an adana wasalin Faransanci da tsarin UTF-8, an karanto shi da tsohon tsari, harafi ɗaya ya koma biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Kawu, ita kuma wannan, wace shekara aka yanke ta?"