Malam Mai Shakka, Da Wacce Kake Faɗa?

Na hango ka, Malam. Tun daga kanun maganar ka taɓe baki, ka ce ga su nan kuma, 'yan boko sun zo kashe aure. Kai da an ce rajin 'yancin mata, mace guda kake hangowa, ta ci ɗamara, ta rantse ita da tukunya har abada. To gyara zama. Ban zo roƙonka ka so su ba, so nake ka nuna mini wacce kake faɗa da ita. Gidan nan na kishiyoyi ne, kuma habaicin da suke yi wa juna ya fi wanda kake yi musu zafi.

Uwargida ita ce mai neman gyaran doka. Tun 1792 Mary Wollstonecraft ta ce a Ingila a ba mace ilimi tukuna, sannan a zo a yi gardamar hankalinta. Magadanta suka taru a Seneca Falls ta Amurka a 1848, suka nemi ƙuri'a. Matan New Zealand suka samu a 1893, na Amurka a 1920, na Suwizalan sai 1971. Kada ka yi saurin yi wa Suwizalan dariya: matan Arewacin Najeriya sai a 1976 aka ba su, bayan Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan magana. In har matarka Hajiya ta taɓa dangwala ƙuri'a, kuma na san kai ka kai ta rumfar zaɓe kana yi mata raɗar jam'iyya a hanya, to kun ci girkin uwargida, har kun suɗe hannu.

Ta biyu 'yar gurguzu ce. Ita a wajenta doka ba ta cika ciki, maganar tana wajen dukiya da wanda ya mallake ta. 'Yan ɗakinta, irin su Silvia Federici da Selma James, suka fito a 1972 suna cewa a biya mace ladan aikin gida. Ka zabura ko? Kafin ka ce Turawa sun haukace, leƙa wajen malamin fiƙihu ka tambaye shi saɓanin malamai a kan ko girki da wanki wajibi ne a kan matar aure. Ka tafi da haƙuri, amsar ba lallai ta yi maka daɗi ba.

Ta uku ita ce mai zafin kai, kuma ina zaton da ita kake. Shulamith Firestone ta rubuta a 1970 cewa ɗaukar ciki shi ne tushen danniya, don haka gara na'ura ta karɓi aikin. Nan kam ba kai kaɗai ba ne, mata da yawa cikin masu rajin ma sun ce a kai kasuwa.

Sai baƙaƙen matan Amurka suka ce duk wannan hayaniyar ta farare ce. Wasunsu suka kai ƙarar kamfanin General Motors, a 1976 kotu ta ce ai kamfanin yana ɗaukar mata, yana kuma ɗaukar baƙaƙe, ina wariyar? Matan farare ne a ofis, baƙaƙen maza ne a masana'anta, baƙar mace ta faɗa tsakani. Daga irin wannan shari'a Kimberlé Crenshaw ta gina bayaninta a 1989, cewa wariya biyu in sun haɗu kan mutum ɗaya sukan haifi ta uku. Malaman jami'o'in Najeriya ma sun buɗe nasu ɗakunan. Catherine Acholonu ta ɗora nata ra'ayin a kan darajar uwa a 1995, Akachi Ezeigbo kuwa ta ce mace ta koyi dabarar dodon koɗi, mai ratsa ƙaya a hankali ba tare da ta huda shi ba. Wannan ma da ita kake faɗa?

Na ji ka. Ka ce kai ɗan rajin haƙƙin maza ne. Madalla, amma ka san asalin gwanin naku? Warren Farrell, wanda littafinsa na 1993 ya zama madogarar tafiyar, a farkon shekarun 1970 ɗan kwamitin gudanarwa ne na ƙungiyar mata ta NOW reshen birnin New York. Ɗan gida ne, rigimar riƙon 'ya'ya bayan saki ce ta sa ya yi yaji. Kuma kokensa ba shirme ba ne. Hajiya, ke ma daina murmushi. A Amurka fiye da tara cikin goma na masu mutuwa a bakin aiki maza ne, masu kashe kansu maza sun ninka mata kusan sau huɗu, kuma namiji kaɗai doka ta tilasta wa rajistar shirin ko-ta-kwana na soja in ya kai shekara 18. Wanda ya ce waɗannan ba matsala ba ne, son zuciya ke magana.

Salon ne dai wani lokaci sai a hankali. A watan Satumban 2004 wani uba ɗan ƙungiyar Fathers 4 Justice ya sa kayan Batman, ya ɗare bangon fadar Buckingham, ya shafe sa'o'i a tsaye don a bar iyaye maza su riƙa ganin 'ya'yansu. Duniya ta kalla, jaridu suka sayar.

Amma ga wanda ya ci nasara ba tare da hawa bango ba. Stephen Wiesenfeld matarsa ta rasu wajen haihuwa a 1972, ya so ya zauna ya reni jaririn, hukuma ta ce tallafin reno na matan da mazansu suka mutu ne, namiji ya fita nema. Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya a 1975, ba alƙali ko ɗaya da ya saɓa. Lauyarsa? Ruth Bader Ginsburg, cikakkiyar 'yar ɗakin uwargida. Hujjarta ita ce dokar da ta ɗauka namiji ne kaɗai mai ciyarwa ta cuci mamaciyar da ta biya haraji, ta kuma cuci mijin da ta bari.

Abu ɗaya ya rage tsakanina da kai, ranka ya daɗe. Duk ranar 8 ga Maris, mata na cikin bikinsu, sai ka fito kana tambayar yaushe ne ranar maza. Tana nan, 19 ga Nuwamba. Bara ta zo ta wuce kana majalisa kuna gardamar ƙwallo, ba wanda ya leƙa abokinku da kasuwa ta karye masa ya daina fitowa. Bana in ka shirya taron, aiko mini da katin gayyata, amma ka faɗa mini tun da wuri wa zai yi girkin.