Zuwa ga Taubashina, Sabon Mai Doki



Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida, ya aikin rani? Ya shinkafa, ya tumatir? Allah ya sa an sako muku ruwan kanal a kan kari. Mu ma nan Ingila lafiya lau, sai sanyi da yayyafin da ba ya gajiya.

Labari ya iske ni, kuma ba daga bakinka ba, don rowarka ta kai har ga labari. Goggo ce ta faɗa mini a waya, wai ka sayar da shinkafar bara ka nufi Maigatari ka dawo da doki, danda, kuma ka ci alwashin sai an gan ka a tawagar hakimi ranar Hawan Daushe. Ikon Allah! Kai da jakin Kawu ya watsar a bakin kwalbati, ka tashi kana kakkaɓe riga kana cewa santsi ne? Na yi dariya har da hawaye. Amma wallahi na yi murna. Tun rasuwar kakanmu ba a ƙara jin haniniya a gidan nan ba, ga shi kai ka raya turken. Allah ya sa alheri, ya kau da tsautsayi. Abin da ya sa na zauna na rubuto maka ke nan, domin ka san aikin barga nake yi a nan, safe da yamma ina cikin dawakan da ake kaiwa gasa, kuma idona ya ga abin da alƙalansu suke dubawa. Ka karanta a tsanake. Inda ya yi maka tsauri, ka kira ɗanka na aji huɗu ya taya ka.

Akwai babbar gasa da suke yi a Winsa duk watan Mayu, a gindin fadar sarautarsu, tun 1943 ake yin ta. Akwai kuma ta ƙarshen shekara a Bamingam cikin Oktoba, wadda doki ba ya samun shiga sai ya ci a ƙananan wurare tukuna. A rukunin nuna doki, mahaya ne za su shigo tare su yi ta kewaya fili, da tafiya, da sassarfa, da sukuwa, alƙalai na tsakiya suna kallo. Sai a jera su. To, a nan ake yin ta. Alƙali zai ce ka sauka, shi ya ɗare dokinka da kansa ya zaga da shi. Dokin da bai san kowa ba sai ubangidansa, ko wanda ba ya juyawa sai an fizge shi, nan take asirinsa ya tonu a gaban jama'a. Da ya sauka sai a ce a kwance sirdi. A tuɓe doki tsaf, ba komai a jikinsa sai linzami, a tsayar da shi gaban alƙali na biyu. Shi kuma ya bi shi da ido daga kunne har kofato, ya duba gadon baya, ya duba gwiwa, sannan a ja dokin ya ba shi baya, a juyo da shi da sassarfa ya nufo shi sak, don a ga ko yana jefa ƙafa waje ko yana ɓoye ɗingishi.

Yanzu ka faɗa mini tsakaninka da Allah, in aka yi wa dandanka haka a Ƙofar Kudu, aka ɗage jalala da ɗauki-saka, me mutane za su gani? Na san halinka sarai. Kuɗin kayan ado za ka fara warewa, abin da ya yi saura shi ne na dawa. Ka juya lissafin nan tun yau. Haƙarƙari a jere da gyambon sirdi a gadon baya ba sa warkewa don an rufe su da ƙyalle mai walƙiya, kuma dabbar da ke ƙarƙashin ƙyallen tana jin zafin kowane taku.

Ku mutanen Kura da Bunkure ma ba ku da uzurin barin doki ya rame. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake biyo kanal yana ratsa gonakinmu har Kadawa, ɗanyar ciyawa ba ta yanke muku ko a tsakiyar bazara, lokacin da mai doki a birni yake sayen harawa yana cizon yatsa. Sai dai ka kula da inda kake yanko ta. Tun shekarar da tsutsar Sharon ta cinye tumatir, 2016, hannun manomi bai ƙara rabuwa da injin feshi ba, ga kuma maganin kashe ciyawa da ake bi da shi gefen gonaki. Ciyawar da ba ka san tarihinta ba, bar ta. Kada kuma ka ce buntun shinkafa za ka ɗura masa don kyauta ake kwasa a wajen masu casa, buntu ba abinci ba ne. Dawa da dusa da harawa, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ruwa mai tsabta da 'yar kanwa. Tumbin doki ƙarami ne bisa girman jikinsa, kuma Allah bai hore masa amai ba, abin da ya shiga ya shiga ke nan, shi ya sa ciwon ciki yake kashe su farat ɗaya. In za ka sauya masa abinci, ka bi a hankali cikin kwanaki. Turke kuma a kafa shi a tudu, inda ba danshi, don laimar ƙasarmu tana ruɓar da kofato. Kullum ka ɗaga ƙafa huɗun nan ka sakace su. A nan mai sa wa doki takalmi sai da rajista yake aiki, doka ce tun 1975, kuma kowane doki da fasfonsa. Ka ji, doki da fasfo, kai ko Kwanar Ɗangora ka wuce sai ka dawo kana ba da labari mako guda.

Na zo kan abin da ya fi damuna, wato hannu. Suna da wata gasa ta ladabin doki, a fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 60. Ba tsalle, ba tsere. Mahayi ya shigo shi kaɗai, ya tsaya cak a tsakiya, ya sunkuyar da kai ya gaida alƙali, sannan ya bi tsarin da aka rubuta: nan kewaye, nan juyi, nan tsayuwa, nan ja da baya. Kowane motsi da makinsa, daga 0 zuwa 10. Na tsaya a bakin fili na zuba wa wata dattijuwa ido, wadda a shekaru ta kusa Goggo, tana bisa wani baƙin doki da kai sai an kafa maka tsani za ka hau. Na kafa wa hannunta ido don in ga lokacin da za ta ja linzami, har ta gama ban gani ba. Da zama take magana da shi, da cinya, da ɗan matsa ƙafa. Can tsakiya sai ta sassauta linzamin gaba ɗaya, dokin ya miƙe wuya ƙasa yana tafiya da dogon taku, kunnuwa a sake. A jarrabawa da yawa makin wannan tafiyar ninki biyu ne, domin ita ce take nuna ko hankalin doki a kwance yake ko tsoro ne ya riƙe shi. Da ta fito, wani jami'i ya sa safar hannu ya duba bakin dokin da kuiɓinsa. In aka ga sabon jini, an fitar da kai, ko da kai ne ke kan gaba.

Wannan dokar na so a ce ta iso gida. Sau nawa muka tsaya kallon hawa muka ga kumfar bakin doki ta rine ja, yara na shewa wai mahayi ya iya? Bai iya ba. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne, ƙarfe ne da ke danna dasashi da haɓa, an ƙera shi don hannun gwani wanda taɓawa ɗaya ta ishe shi. A hannun ɗan koyo irinka kuwa azaba ce. Ka riƙe linzami yadda kake riƙe irin shinkafa ranar dashe, ba sakwa-sakwa ya suɓuce ba, ba kuma da ƙarfin da zai karye ba. In ka nemi abu ya ba ka, saki nan take, sakin shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. Kaimi kuma ka rataye shi a ƙusa sai ƙafarka ta daina rawa a likkafa. Dugaduganka ƙasa, bayanka a miƙe, idonka inda za ka. Na san ka da kallon 'yan kallo don ka ga wa ya gan ka, to doki yana bin inda nauyinka ya karkata, ka waiwaya neman surukanka ka tsinci kanka cikin masu sayar da rake.

Kada ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Dawakan nan da ake ji da su, leda ce iska za ta ɗauko, sai ka ga ingarma guda ya zabura yana neman hanyar gida. Namu kuwa yana tsaye 'yan bindiga za su saki wuta, ga kakaki, ga algaita, ga tambari, ga dubban mutane suna ihu, shi ko sai taƙama yake ƙarawa. Da na nuna wa abokan aikina bidiyon jahi a waya, yadda mahaya suke tahowa a sukwane su ci burki gaban Sarki su yi jinjina, shiru suka yi, ɗaya ya ce a maimaita masa. Marigayiya Sarauniyarsu Elizabet ma ta ga irinsa da idonta a Kaduna a 1956, kuma a watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su. Ba ƙaramin wuri za ka shiga ba. Mu ba mu da alƙali mai takarda da biro, amma dattawan da ke zaune a inuwa sun ga hawan sarakuna da dama, kallo ɗaya za su yi maka su san ko kai ke tafiyar da doki ko shi ke tafiya da kai.

Saboda haka kilisa kullum, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Hanyar gefen kanal ta ishe ka, sai dai ka nisanci bakin siminti, kuma kada ka yi sukuwa a kwalta. Ka fara da tafiya har jikinsa ya saki, ka ƙare da tafiya har gumi ya bushe. Tsayuwar jahi daga ƙasa ake gina ta: ka koya masa tsayawa daga tafiya ta hanyar zama da nauyinka cikin sirdi, in ya gane sai daga sassarfa, sukuwa ita ce ta ƙarshe, kuma a ƙasa mai laushi. Wanda ya fara da zamiya ranar farko, jijiyoyin ƙafar dokinsa yake ci. Ka sabar masa da ƙara tun daga nesa, injin ban ruwa, babur, ganga, kana matsowa kaɗan-kaɗan. Ka sa masa kayan hawan gaba ɗaya ya yi yawo da su tun kafin Sallah, kada ranar ta zama ranar da ya fara jin ƙararrawa a wuyansa. In kuma ya faɗa maka fangalin albasar wani, ka biya, kada ka ce ɗan'uwanka na Ingila zai turo.

Ranar hawa, a kai shi birni da wuri ya huta, ya sha ruwa. Ka duba majayi kafin ka hau, ka sake dubawa bayan ɗan tafiya, don doki yana kumbura ciki lokacin ɗauri. Cikin tawaga ka bar tazara tsakaninka da na gabanka. A nan dokin da yake harbi jan ƙyalle ake ɗaura masa a wutsiya don na baya ya kiyaye, dabara ce mai arha, ka ara. Ka kula da yaran da ke kutsowa tsakanin ƙafafun dawaki. Su kuma Turawa ba sa shiga gasar tsallake shinge ba hular kwano, ni ma ina so ka nemi ɗaya don kilisa. Kan nan naka ba wani abin kirki a ciki, amma shi kaɗai gare mu.

Batun rawani, na san ɗan Kura za ka naɗa, kuma ya dace, mutumin Kura bai kamata ya je birni da rinin wani gari ba, alhali Buzaye ma daga hamada suke aikowa neman namu. Ka dai tuna rinin baba yana zuba in gumi ya karyo. Kada ka goge fuska da gefensa ka isa gaban Sarki da shuɗin hanci. A samu wanda ya iya ya naɗa maka, kada ya warware ana tsakiyar sukuwa.

Abin da ya fi ba ni dariya a nan shi ne kyautar. Mutum ya shekara yana wahala, ya ci gasa, a miƙo masa furen ƙyalle, ja ga na ɗaya, shuɗi ga na biyu, ya karɓa yana hawayen murna. Kai na san in ba buhun taki aka ce za a ba ka ba, ko sirdi ba za ka ɗaura ba.

Ka sa yaro ya ɗauko mini bidiyon dandan ba sirdi, ta gefe, ta gaba, ta baya, sannan yana tafiya, ka turo ta WhatsApp in duba ƙafafunsa. A buɗe bakinsa ma in ga haƙora, don ban yarda dillalan kasuwa ba su sayar maka da sa'an Kawu ba. Kuɗin sharar bana kuma yana nan ina bin ka, teku ba ta yafe bashi.

Ka gaida Goggo da Kawu, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida uwargida da yara, da mutanen majalisarmu ta bakin masallaci.

Wassalam.

Ni ne naka,
Taubashinka na Ingila