Gara Ta Bar Gafaka, Ta Koma Kwamfuta

Ina zaune ƙofar gida a Gwandu ran wata Asabar, sai ga ɗan yayata ya sauko daga motar haya, ido jawur, ya rungume laftof kamar mai kai jinjiri asibiti. Ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 ta fara zama a Kalgo, kuma yana shekarar ƙarshe, yana rubuta kundin kammala karatu.

"Kawu, ta canye! Babi huɗu, duk ta canye!"

"Wa ta canye mi?"

"Bairos, Kawu."

"To, ina kwafin da ka aje?"

Sai ya dube ni kamar na tambaye shi lambar wayar sarkin aljannu.

Ga yadda aka yi. Filashinsa guda ne, kuma filashin ɗalibi moɗar randar masallaci ce, kowa ya zo ya kafa baki. Da shi ake kai aiki shagon buga takardu, da shi ake karɓo fassarar fim ɗin Indiya wurin masu turi, da shi abokin ɗaki ke kwaso waƙoƙin biki. Ran nan filashin ya dawo gida kowane fayil ya zama inuwar kansa, da 'yar kibiya a gindi. Wannan ƙwayar, a mafi yawan lokuta, ɓoye fayil take yi, ba ta goge shi, kuma wanda ya san hannunsa zai fito da shi cikin mintoci. Amma yaro ya yi ta dannawa har cutar ta haye laftof, sannan ya garzaya wurin mai gyara. Mai gyaran kuwa irin wanzamin nan ne da kowace cuta ƙaho yake kafa mata. Ya yi wa laftof fomatin, ya yi wa filashi fomatin, ya karɓi kuɗin aiki, har da yi masa Allah ya kiyaye gaba.

Abin da ya ba ni dariya, bayan na gama tausayi, a Gwandu ake wannan kuka. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance kusan shekara 200, kuma har yau ana karanta tafsirinsa Diya'ut Ta'wil da littafinsa Diya'ul Hukkam. Da alƙalamin kara aka rubuta su, aka sa a gafaka, a ƙasar da gara ke cin rufin ɗaki, ga damina, ga gobarar hunturu. Me ya tsare su? Almajirai. Wannan ya kwafa ya tafi Sakkwato, wancan ya kwafa ya nufi Kano. In gara ta ci na wani gida, na wani gari yana nan. Su da kwafi ɗaya ke cin watanni ba su yi ƙyuya ba. Mu da kwafi ke cin ƙiftawar ido, jikokinsu masu digiri, mun ajiye wahalar shekara huɗu a cikin abin da bai kai ɗan yatsa ba, muka rataya shi a jikin mabuɗin babur.

Kada mai karatu ya ce yara ne kawai. Na san babban ma'aikaci, mai furfura, wanda kalmar sirrinsa 123456 ce, kuma ya rubuta ta a takarda ya manna jikin allon, wai kada ya manta. Wannan ai kulle rumbu ne ka bar mabuɗi a jikin kwado. Wani kuma riga-kafin bairos ɗinsa na sata ne, a kasuwa aka ɗora masa, wato ya ɗauki ɓarawo aikin gadi, alhali Windows tana zuwa da nata mai gadin kyauta. In kwamfuta ta roƙi a bar ta ta sabunta kanta, sai mu ce sai gobe, data ta yi tsada. Amma a turo saƙo a WhatsApp cewa ana rabon tallafi, danna nan, ko bisimilla ba ma tsayawa yi.

Masu sai gobe ba mu kaɗai ba ne. A watan Mayun 2017 wata ƙwaya mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman fansar dala 300. Masu garkuwa ke nan, ba daji ba bindiga. Tun watan Maris kuwa Microsoft ta fitar da maganin, mutane ne ba su sha ba. Mu nan har yanzu akwai masu tinƙaho da Windows 7, wadda kamfanin ya daina yi wa facin tsaro tun Janairun 2020.

In abin ya faru kuma, ba mai laifi. Baki ne, hassada ce, ko wani ɗan ajinsu ne ya yi masa jifa. Yayata har ta fara lissafin maƙiya. Na ce mata, "Yaya, maƙiyin yana rataye a mabuɗin babur." Ba a maganar ɗora laftof kan katifa a zafin Afrilu har ta riƙa huci, ko kofin shayi da ake girke mata a gefe.

Na zaunar da yaro na ce kwafi uku zai riƙa yi: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashin da ba ya zuwa yawon dandi, ɗaya a imel ko Google Drive, inda ake ba da gigabayit 15 kyauta. Ya ce, "Wallahi Kawu na ji, ba ni ƙarawa."

Yana can Kalgo yana sake buga babi na ɗaya. Jiya na kira shi na tambayi sabon filashin da na saya masa, ya ce abokinsa ya ara, zai karɓo fim.