Shuwa Ɗin Mutanen Kuta

Mu mutanen Kuta ba ma sakin magana tsirara. Sai mun sa mata taguwa, mun ɗora mata babbar riga, mun naɗa mata rawani, sannan mu turo ta waje. Je ka tasha ka tambayi direba ko motar Minna ta kusa tashi. Ba zai ce maka "i" ya yi shiru ba. Zai ce tabbas, wallahi tallahi, saura mutum ɗaya, shuwa. Ka leƙa ka ga mutum huɗu, biyu a cikinsu 'yan kamasho ne da aka zaunar don su cika ido. In kun wuce Gwada kafin la'asar, ka yi sadaka.

Ni ma ban tsira ba. Sau nawa na ce wa maiɗakina kuɗin cefane na nan tafe da azahar, shuwa? Yanzu da ta ji kalmar sai ta miƙe ta duba abin da ya rage a buhun masara.

Tela ne ya jawo zancen. Ran nan bayan isha'i muna teburin mai shayi na bakin tasha, ya zo wucewa, na tare shi da maganar ɗinkina da ya kwana ashirin a hannunsa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Yaya, gobe war haka, shuwa." Ya yi gaba abinsa. Malam na makarantar allo, wanda ba ya shan shayi sai da citta, ya raka shi da ido, ya juyo ya ce, "Ni fa wannan shuwa da yaran nan suka ɗauko ta ishe ni. Ta Larabawan Shuwa ce na Barno, ko ƙanwar shuwaka ce?"

Ticha ya yi dariya har ya ƙware. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci, kuma tun ranar da ya ajiye alli yake neman aji. Mu ne ajin.

"Allah gafarta Malam, ba ruwan mutanen Barno. Ta Bature ce. Shi ma Baturen aro ya yi."

Ga abin da ya karanta mana, kuma ba zan sa "wai" a ciki ba, don ya ce duk wanda ya sa masa wai a darasi sai ya biya kuɗin shayin kowa. A shekarar 1066 wani basarake mai suna Wiliyam ya tsallako ruwa daga Nomandi ta ƙasar Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan, wajen shekara 300, Faransanci ne harshen fada da na kotu, Ingilishi kuwa aka bar wa manoma da masu kiwo. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Kafin a farga, dubban kalmomin Faransanci sun tare a gidan Ingilishi sun yi kaka-gida. Shuwa na cikinsu, ana ganinta a rubuce-rubucen Ingila tun cikin shekarun 1300. Su kansu Faransawan gado suka ci daga Latin, harshen Rumawa, inda kalmar take sekurus. Gaɓa biyu aka haɗa: se, wato babu, da kura, wato damuwa.

Mai shayi ya tsaya da fifitar gawayi. "Babu kura, Ticha? Ai kuwa sun yi gaskiya. Inda babu kura, akuya ta kwana da munshari."

Ticha ya ce ba kurar daji ba, amma ya yarda fassarar ta fi tasa daɗi. Abin da yake so mu riƙe shi ne, asalin kalmar ba ta nufin "maganata gaskiya ce". Tana nufin "hankali kwance". A nan ne na gane tela bai yi mini ƙarya ba. Shi hankalinsa a kwance yake. Nawa ne a tashe.

Direban da ke zaune kusa da tukunya ya ce to shi me ya shafe shi. Ticha ya ce ya zaro takardun motarsa. Inshora, in ji shi, 'yar shuwa ce ta cikinta: ka biya kuɗi don ranar tsautsayi hankalinka ya kwanta. Sikiyoriti kuma, wato tsaro, da su uwa ɗaya uba ɗaya. Direba ya juya takardar gaba da baya ya ce shi tunda yake bai taɓa sanin ana karɓar wani abu da ita ba, ya ɗauka ta nuna wa masu shingen hanya ce kawai. Ba wanda ya yi masa dariya sosai, don duk haka muka ɗauka.

Ticha bai tsaya nan ba, ai ya samu aji. Ya ce Bature na da wata kalmar ta tabbaci, wadda satifiket ya fito daga cikinta. Tushenta a Latin aiki ne na mata: tankaɗe. A zuba gari a rariya, tsaki ya tsaya, lallausa ya wuce. Abin da ya tsira daga rariya shi ne tabbatacce, satifiket kuwa takarda ce mai shaidar an yi wa mutum tankaɗe da rairaya. Wannan ta burge ni, don mu ma da bakinmu haka muke faɗa in za a tantance 'yan takara. Sai dai wani yaro mai gyaran waya ya ce, "Baba, akwai satifiket ɗin da ko kusa da rariya bai je ba." Ticha ya ce wannan ba laifin Rumawa ba ne.

Yaron nan shi ne sarkin garanti. Duk cajar da ya sayar maka garanti ce, har sai ka fita daga rumfa. Garanti ma ta Faransa ta biyo, kuma 'yar'uwar waranti ce, irin wanda alƙali ke sa wa hannu a kamo mutum. Mu kuwa mun ɗauke ta daga kan kaya mun ɗora wa mutane. Wane ba shi da garanti. Damina bana ba garanti. Har na ji wata tsohuwa tana cewa auren zamani ba garanti, kuma ba ta taɓa shiga aji ba.

Satifiket da inshora tsofaffin baƙi ne. Sun zo da ofis da hatimi, tun lokacin da Lugga ya kafa hedikwatarsa a Zungeru a 1902, nan kusa da mu, aka shimfiɗa dogo ta Minna, aka yi zamanin En'e da Di'o. Shuwa da kamfam kuwa a bakin yara muka tsince su, daga Turancin buroka da gidan kallon ƙwallo da rumfar masu POS. Akwai wani ɗan Arsenal a unguwarmu da ya shafe shekara ashirin cur daga 2004 yana cewa bana shuwa ne. Mai POS kuma ko ka rantse da abin da zai kashe ka, ba ya miƙo kuɗi sai ya ga alat, ya sake dubawa, sannan ya ce kamfam. A garin nan shi kaɗai na sani yake furta kalmar tabbaci bayan aiki ya tabbata. Mu saura kafin aikin muke furtawa.

Malam ya kurɓi shayinsa ya ce to ya ji na Nasara, saura a ji namu. Mai shayi ya ce ai tabbas da haƙiƙa Hausa ce tsantsa. Malam ya girgiza kai. Tabbas da tabbata daga Larabci suke, daga kalmar da ke nufin abu ya kafu bai motsi, inda muka samo sabati. Haƙiƙa 'yar gidan haƙƙi ce. Yaƙini Larabci. Ita kanta shakkar da muke cewa babu ita, Larabci ce. Har ƙila da wataƙila, daga "an ce" na Larabawa suka fito, shi ya sa ake kiran jita-jita ƙila-wa-ƙala. Ticha ya yi tsalle ya ce abin mamaki, ƙarnin da shuwa ke samun gindin zama a Ingila, shi ne ƙarnin da Wangarawa suka iso Kano zamanin Sarki Yaji da littattafansu. Kowa dai da mai ba shi aro. Direba ya ce to ashe wataƙilar da ta hana Bature ƙarya ma ba tasa ba ce.

Daga nan Malam ya hau karatu. Ya ce malamai sun kasa yaƙini uku: ilmul yaƙini, wanda ka sani ta hanyar labari ingantacce, ainul yaƙini, wanda ka gani da idonka, da haƙƙul yaƙini, wanda ka ɗanɗana da jikinka. Muka ce a ba mu misali. Kafin ya buɗe baki mai shayi ya riga shi.

"Allah gafarta Malam, bari in taya ka. Mun san madatsar Shiroro na kan kogin Kaduna, a ƙaramar hukumarmu, tun 1990, injuna huɗu, megawat 600. Wannan ilmul yaƙini. Muna ganin manyan wayoyi sun ratsa gonakinmu sun nufi birane. Wannan ainul yaƙini. Haƙƙul yaƙini shi ne ƙwan nan na saman teburina ya kama."

Duk muka ɗaga kai. Ƙwan na nan yadda yake tun shekaranjiya, fitilar caji ce ke haska mu. Malam ya ce bai taɓa jin sharhin da ya kai wannan ba, amma kada a ce daga bakinsa aka ji.

Abin da ya fi ci wa Malam tuwo a ƙwarya shi ne rantsuwa. Ya ce wallahi ta zama gishirin miya, Musulmi da Kirista kowa barbaɗawa yake. Mutum ya rantse ya saɓa, ciyar da miskinai goma ne a kansa ko tufatar da su, in bai samu ba azumin kwana uku. Ya ce da ana biya, da ba sauran mai jin yunwa daga nan har Zumba. Ga shi kuma an umarce mu, in za mu ce gobe za mu yi kaza, mu haɗa da in Allah ya so. Mun karɓi umarnin, mun mai da shi ƙofar gudu. Yau in mai bashi ya ce maka "in sha Allahu" da wata irin doguwar murya, ka san sai dai a lahira. Wataƙila shi ya sa yara suka koma shuwa. Ba ta da kaffara.

Wani dillalin doya da ke gefe ya ce shi da rantsuwa yake auna farashi. Mai kaya ya ce doyar nan lafiya lau ce, ya saya yadda aka faɗa. Ya ce wallahi, sai ya fara juya ta yana duba gindi. Ya ce wallahi tallahi ko kaffara ba zan yi ba, to a ƙwaryar nan ta guda ɗari akwai goma da rana ta dafa ko ƙwaro ya huda. Ya ce akwai wani dattijo Bagbagyi da yake saye a wurinsa shekara da shekaru, bai taɓa jin ya rantse ba. In ya ce Talata, iyakarta "to, Talata". Ranar Talata kuwa za ka ga doya.

Can ƙarshen benci akwai wani bawan Allah da ba ya cika magana. Daga ƙetaren kogi yake. Yana cikin waɗanda 'yan bindiga suka taso daga garuruwansu, suka fara sauka a makarantar firamare ta nan Kuta, daga baya ya samu ɗaki ya kama haya. Mutum ne da a da yake ɗaure dawa ɗaruruwan dammuna, yanzu yana dako a kasuwa. Ya ajiye kofi ya ce, "Malam Ticha, ɗazu ka ce shuwa da tsaro uwarsu ɗaya?"

"Haka ne, ɗan'uwa."

"To ashe shi ya sa."

Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Kowa a teburin ya san abin da ya sami Allawa da Kurebe da Bassa, ya san shekarar 2021 da gwamnan lokacin, Abubakar Sani Bello, ya fito ya faɗa wa duniya an kafa tutar Boko Haram a Kaure. Sai a lokacin na lura da wani abu game da mu. Duk yawan shuwa ɗinmu, akwai tambaya ɗaya da ba a amsa ta da ita. In mutum zai tsallaka ya duba gona ko ya kai gawa, ya ce yaya hanya, ba mai ce masa tabbas, ba mai cewa garanti. Direban nan da ke rantsuwa a kan saura mutum ɗaya, a nan sai ya rage murya ya ce, "Ɗazu dai an wuce." Ko ya ce, "Bari in kira wani in ji." A wannan wurin kaɗai muke tankaɗe magana kafin mu ba mutum.

Malam ya ce Larabci ma haka ya yi: aminci da amana da imani, har da amin ɗin da muke shafawa, duk saiwa ɗaya ce. Ya ɗaga hannu ya roƙa mana zaman lafiya, muka shafa, har da direba da bai cire sigari daga bayan kunne ba.

Mai shayi ne ya kwance zaman. Ya jawo littafinsa na bashi ya ce tunda yau an yi karatun tabbaci, yana so ya ji matsayin kuɗinsa. Ticha ya ce fansho na shiga zai biya. Direba ya ce gobe in ya dawo daga Minna. Yaro mai waya ya ce zai tura ta waya, a jira alat. Ni da aka zo kaina, kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Gobe da safe, shuwa." Ya dube ni, ya lashi bakin biro, ya rubuta.

Ɗinkin dai sai ranar Laraba ta sama na karɓa, ba maɓalli ko ɗaya.