Ire-iren Maharba da Batun Bindigar Sabon Shiga

Gasar harbin nesa da ake kira Precision Rifle Series, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 2012, ta zo da wata tambaya da kowane sabon shiga yake yi kafin ya biya kuɗin rajista, wato ko bindigarsa tana da daidaiton da zai fitar da shi kunya. Ana auna wannan daidaito da MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda ya yi daidai da kimanin inci ɗaya a nisan yadi 100, ko inci goma da ɗoriya a yadi 1,000. Yawancin farantan ƙarfen da ake harbi faɗinsu yana kai MOA biyu ko kusa da haka, saboda haka bindigar da take tara harsasanta cikin MOA ɗaya ta ishi mai koyo. Amsar ke nan, amma filin gasa cike yake da mutanen da suka rantse ba za su yarda da ita ba.

Jagoransu shi ne mai takarda a aljihu. Wannan bawan Allah ya taɓa harba harsashi uku wata safiya da iska ta kwanta, yana zaune a benci, bindiga tana hutawa a kan buhunan yashi, sai ukun suka huda kusan rami ɗaya a takardar da ya harba. Nan take ya yanke wurin da almakashi, ya lulluɓe shi da leda, ya ajiye a walat a gurbin da wasu suke ajiye hoton 'ya'yansu. Tun daga ranar bindigarsa ta zama mai kwatan MOA, kuma babu wanda zai gaisa da shi ya rabu lafiya ba tare da ya ga takardar ba. Ba ya ambaton sauran takardun da suka ƙare a kwandon shara, kuma duk harsashin da ya bauɗe daga rukuni yana da uzurinsa: wannan tserewa ya yi, wancan wani ne ya yi tari, na ƙarshen kuwa bututu ne ya yi zafi. Masu lissafi sun gaji da bayyana masa cewa faɗin rukuni yana ƙaruwa gwargwadon yawan harsasan da aka harba, ta yadda harbi goma a jere zai iya ninka abin da uku suka nuna, amma shi a wurinsa wannan hassada ce. Ranar gasa alƙali zai danna agogo ya ba shi daƙiƙa 90 ko minti biyu ya harba kimanin harsashi goma daga kan shinge, ko matakan tsani, ko tulin tayoyi, babu benci, babu natsuwa, alamar madubin hangensa tana rawa a kan faranti. Idan ya samu uku, sai ya koma gefe ya zaro walat, domin a shaida cewa laifin na shingen ne.

Ƙaninsa shi ne mai auna albarushi, wanda yake cika harsasansa da kansa, yana raba dare yana tsince ƙwayoyin albarushi ɗaya bayan ɗaya don saurin kowane harsashi ya zo daidai da na ɗan'uwansa. Aikinsa yana da kyau, sai dai iska ba ta san da shi ba. Iskar da take kaɗawa ta gefe da saurin mil 10 a awa tana iya ture harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, kimanin ƙafa shida a yadi 1,000, don haka kuskuren mil biyu wajen ƙiyasinta ya isa ya shafe wahalar daren gaba ɗaya. Bryan Litz, masanin tafiyar harsashi, ya nuna a lissafinsa cewa a irin wannan nisa rashin sanin iska ya fi ƙaramin bambancin daidaito kawo kuskure.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai mai sauya bututu duk lokacin da ya ji zakaran bara ya koma harsashin 6mm Dasher. Akwai mai jakunkunan tallafi da yawa, wanda lokacinsa yake ƙarewa kafin ya zaɓi wadda zai ɗora bindiga a kai. Akwai wanda sai da safiyar gasa yake tunawa bai daidaita madubin hange ba, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai dattijo mai tsohuwar bindigar .308 da ɗan littafin rubutu, wanda ba ya musu da kowa, sai a ga sunansa a saman na mai walat. Akwai kuma wanda ya haddace teburan lissafi har yana rubuta maƙala a kan kurakuran mutane, makinsa kuwa yana ƙasan jadawali. Mai wannan bayani yana ganin ya kamata a yi masa sassauci.

Wanda bai cancanci sassauci ba shi ne mai tsare ƙofa. Saurayi zai zo da bindigar farautar da ya tara kuɗi ya saya, yana tambaya cikin ladabi ko za ta yi, sai wannan mutum ya juya ta, ya taɓe baki, ya ce in ba ta yi rabin MOA ba kada ya ɓata harsashinsa, ya dawo idan ya mallaki ta dubban daloli. Wannan magana ƙarya ce, kuma mai yin ta ya sani, domin shi ma yana kuskure faranti mai MOA biyu da bindigarsa mai tsada. Gasar tana da ɓangaren bindigogin kanti mai iyakar farashi, akwai kuma gasar NRL22 da ake yi da ƙaramin harsashin .22 mai arha, kuma al'adar filin ita ce tsofaffin hannu su ara wa baƙo jaka da na'urar auna iska. Saurayin ba zai ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin mai tsare ƙofa ne ya fara tarar sa a wurin ajiye motoci.