Tofar da Goron Tukuna, Alhaji

Na ji ka, Alhaji. Ka ce ɗan ƙwaya iskanci ne kawai ke ɗibarsa, in ya ga dama yau ɗin nan zai daina. To madalla. Tofar da goron da ke kuncinka tukuna, sai mu yi magana.

Ranar ɗaya ga azumi wa muka gani a kasuwar IBB ta Suleja ya ɗaure kai da hirami, yana zazzaga wa yaron shago masifa kan canjin naira hamsin? Ka ce zafin rana ne. Wace rana, ana tsakiyar sanyi? Kafeyin ne na goro da ganyen shayi. Jiki ya saba, aka hana shi yini guda, ya kai ƙara wajen kai.

To ka ninka wannan. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin dofamin, aikinsa ya ce maka “abin nan da daɗi, ka ƙara.” Leburan da ke fita da asuba ta Madalla da Zuba zuwa wajen gini a Abuja, da tiramol ɗaya ya fara, don ya iya ɗaukar bulo har yamma. Ƙwaƙwalwa ta saba, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Yanzu ranar da bai haɗiya ba sai gumi, hamma, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace. Ko ganin majalisar da ake sha kaɗai ya isa ya tayar masa da ƙwalama, kamar yadda ƙarar kofunan mai shayi ke karkato da ƙafarka bayan sallar asuba. E, mun lura.

Za ka ce ai gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun Mayun 2018, bayan rahoton BBC. Ta hana kwalba. Wanda ya saba sai ya koma kan ƙwayar roci ko sholisho.

Ke kuma Hajiya, rage dariyar. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce ’yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta’ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

Mu ƙulla, Alhaji: kwana uku ba goro, ba shayi. In ka iya ba ka yi wa kowa tsawa ba, ni zan sayo maka huhu guda. Au, har ka sa hannu a aljihu?